Mudassir Mai Ƙyaure

Ranar Laraba, sha biyu ga watan Nuwamba na shekarar 1986, na fara ganin Mudassir Mahauci. A lokacin ni ne akawun da ke yankar kati a wani asibiti a Gwarzo. Tagata tana kallon ƙofar shiga, don haka duk wanda aka kawo ni ke fara ganinsa. Da la'asar sakaliya wata a-kori-kura ta tsaya, mutane suka diddiro daga bayanta. Wani ƙaton mutum, babu riga a jikinsa, hannunsa na dama naɗe da zaren dambe, ya sauko rungume da wani. Kan wanda aka rungumo yana reto a kafaɗarsa, ƙafafunsa suna jan ƙasa.

Bai kai ƙofa ba mutum uku suka sha gabansa. Babbansu ya ɗaga gora ya sauke masa a gadon baya. Ya sake ɗagawa ya same shi a kunne, kunnen ya tsage, jini ya gangaro har kan fuskar wanda yake ɗauke da shi.

"Ɗan mahautan banza! Ka kashe mana shi, kuma ka zo kana rungumarsa?"

"Yaya Ja'afaru, bari in ajiye shi tukuna," in ji ƙaton. "In na ajiye shi, ga ni."

Haka kuwa ya yi. Ya shiga ya kwantar da mutumin a gado, ya fito ya zauna a ƙasa, suka rufe shi da duka har sai da maigadi da direbobi suka janye su. Ranar kati biyu na yanka: ɗaya na Jalo, ƙanen Ja'afaru, mai karayar wuya, ɗaya na Mudassir, mai karayar haƙarƙari da tsagaggen kunne.

Mudassir mutumin Madadi ne, gidansu gidan fawa ne tun kakanni. Jalo kuma ɗan Gude ne ta ƙasar Kabo. Abokai ne na ƙut da ƙut, kwano ɗaya suke ci, amma kowace kaka in an gama girbi sai sun kara a fagen dambe, garuruwan biyu su rabu suna ihu. A wannan shekarar an share wata gonar gero a Gude aka yi fagen, kunyoyin sun bushe kamar dutse. A turmi na biyu Mudassir ya samu Jalo a ƙasan kunne. Jalo ya tafi da baya, ƙeyarsa ta sauka a kan kunya.

A wajenmu wanda ya yi kisa a dambe, wato ya kai mutum ƙasa, shi ke ɗaga abokin karawarsa. Zai tashe shi tsaye, ya kakkaɓe masa ƙasa, ya rungume shi, don kowa ya ga babu gaba. Wanda ya bar mutum kwance ya tafi, makaɗa za su yi ta zambarsa har shekara ta zagayo. Saboda haka Mudassir ya sa hannu a hammatar Jalo ya ɗago shi, ya girgiza shi yana dariya: "Tashi, ɗan Gude, ba a kwana a nan!" Jalo ya ce, "Wuyana." Aka zaunar da shi, aka sheƙa masa ruwa, wani dattijo ya kama kansa ya ja wai don wuyan ya koma mazauninsa. Daga nan aka jingina shi a bayan mota aka biyo hanya mai gargada.

Mai kula da ɗakin maza a lokacin Sista Anastasia ce, mutuniyar kudancin Kaduna, gajera, ba ta iya ɓoye magana ba. Ina tsaye da kati a hannu ta tambayi Mudassir, tana ɗinke masa kunne.

"Da ya faɗi, ƙafafunsa suna motsi?"

"Suna motsi, Sista. Har shure-shure yake."

"Bayan ka ɗaga shi fa?"

"Sun daina, Sista."

"To ka ji," ta ce. "Naushinka da faɗuwar su suka karya ƙashin. Amma cikin ƙashin akwai laka, ita ce igiyar da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa ƙafa. Karyayyen ƙashi wuƙa ne. In an motsa shi, yanka yake. Ba zan rantse ba, amma ina jin da kun bar shi kwance, kun zaro ƙyaure kun zura a ƙarƙashinsa, da wata maganar ake yi."

 Allurar tana shiga naman kunnensa tana fita, ko ƙiftawa bai yi ba.

Lokacin gwamnati ta tsuke bakin aljihu. Kantocin ɗakin magani wayam, abin da likita ya rubuta sai a je a nema a gari, a garin ma sau da yawa babu. Aka wuce da Jalo Kano, ya yi watanni, aka dawo da shi yadda aka kai shi: daga ƙirji zuwa ƙasa babu motsi, hannuwan kuma sai a hankali. Mudassir ya riƙa bin Sista duk inda ta nufa, tambayarsa guda: babu wani abu? Ran nan ta gaji, ta tsaya a tagata, ta ɗauki farin goro a kan teburina ta fasa, ta ajiye ɓarin a gabansa.

"Zuba ido."

Ba a jima ba farin ya fara komawa ja.

"Ka gani? Fasawa ciwo ɗaya ne. Wannan jan da ke bi a baya ciwo na biyu ne. Haka ƙwaƙwalwa da laka suke. Bayan bugu, wani abu kamar tsatsa yana ci gaba da cin wurin, har ya kashe abin da bugun bai kashe ba. Na karanta cewa masu bincike suna gwada wasu sinadarai a jikin dabbobi ko za su rage wannan tsatsar. Irinsu kuma akwai a ganye da 'ya'yan itace. Zogale, zoɓo, kurkum, zuma. Amma ka ji ni da kyau, Mai Nama: ba a tabbatar a jikin mutum ba, kuma ba sa haɗa abin da ya riga ya yanke. Ka ba shi a matsayin abinci, zai ƙara masa ƙarfi. Shi ke nan."

Rabin farko na maganar ya ɗauka. Rabin ƙarshen ya bar mata a taga.

Ya kwance zaren dambe, bai sake naɗawa ba. Ya tashi daga Madadi ya kama ɗaki a Gude, kusa da gidan Jalo, ya kafa teburin nama a kasuwarsu. Ya kewaye gidan da dashen zogale. Shi ke yi wa Jalo wanka, shi ke juya shi daga wannan gefe zuwa wancan don kada kwanciya ta huda masa fata, domin Hajaratu, matar Jalo, ba za ta iya ɗaga shi ba, ga kuma goyon ɗansu Lukuman a bayanta. Da safe kwaɗon zogale, da rana zoɓo da zuma, kunu kuma sai an barbaɗa kurkum har ya yi ruwan ɗorawa. Na taɓa zuwa dubiya na tarar da su.

"Malam Akawu, ka yi mini shaida," in ji Jalo daga kan tabarma. "Wannan mutumin ya mai da ni akuya. Ganye safe, ganye yamma. Mahauci guda, ko tsokar hanta ba ya kawowa."

"Buɗe baki, ɗan Gude. Akwai sauran turmi na uku tsakaninmu."

"In na tashi sai na zubar maka da haƙora."

"To ci ka tashi."

Jalo bai tashi ba. Amma fatarsa ba ta taɓa hudewa ba, kuma ya ga girman ɗansa. Ja'afaru kuwa bai yafe ba. Sau ɗaya ya zo da adda ya sare zogalen kaf, Mudassir ya tsince sarar ya sake dasawa. In sun haɗu a hanya Ja'afaru sai ya tofar da yawu.

Abin da ya sa sunan Mudassir ya canza shi ne ƙyauren ɗakinsa. Ya cire shi, ya goge, ya ɗaura masa igiyoyi, ya ajiye a bayan teburin nama. Da zarar an ce mota ta faɗi a hanyar Kabo zuwa Gwarzo, ko wani ya faɗo daga bishiyar ɗorawa, ko rijiya ta rufta da mai haƙa, sai a hango shi a guje da ƙyaure a ka. Zai durƙusa ya kama kan mutumin, ya tokare shi da tsumma dama da hagu, a zura ƙyauren a hankali, a ɗaure. Matsalar ita ce kafin ya iso jama'a sun riga sun taru, kuma a wurinmu barin mutum kwance a ƙasa rashin imani ne. Kowa so yake ya ɗago shi, ya zaunar, ya ba shi ruwa. Mudassir kuma bai iya bayani ba. Yakan ce "Kada a ɗaga shi!" sau ɗaya. Na biyu da hannun hagu yake faɗa.

Na yanka wa waɗanda ya kawo a kan ƙyaure kati, na kuma yanka wa waɗanda ya raunata a wajen kawo su. Akwai kwandastan da ya karya wa hanci. Akwai manomin da ya murɗe wa hannu har kafaɗa ta goce, don ya kama ƙafar ɗansa zai ja shi inuwa. Shi ma an sare shi da lauje a cinya a ƙauyen Jama'a, an fasa masa kai da tabarya a wani ƙauye. Ba kullum yake da gaskiya ba. Wasu da ya yi faɗa a kansu targaɗe kawai suka yi. Kuma yana yawo da gorar ruwan zogale da zuma, yana ɗura wa duk wanda ya ɗauko, wai a tari tsatsar da wuri. Wata rana ya ɗura wa wani sumamme, ruwan ya bi ta hanyar numfashi, mutumin ya kusa tafiya. Sista Anastasia ta taka kan benci don ta kai tsawonsa, ta wanka masa mari a gaban kowa.

"Ni na ce ka zuba wa wanda ba ya cikin hayyacinsa? Za ka kashe mutane ka ce ni na koya maka!"

Ya shafa kumatu ya ce, "Allah ya huci zuciyarki, Sista." Daga ranar sai mutum ya farka ya iya haɗiya yake ba shi. Amma bai daina ba.

Sista ta yi ritaya ta koma garinsu kafin zuwan Shari'a. Da Shari'a ta zo, kiɗan dambe ya ja baya a ƙauyukanmu, shagunan zuma da man zaitun da habbatus sauda suka cika bakin tasha. Mudassir ya ƙara su a cikin gorarsa. Sai dai yanzu dukan da yake yi ba ya ƙarewa a zauren mai unguwa. 'Yan Hisba suka kai shi gaban alƙali a kan wani direba da ya tsinka wa leɓe. Alƙali ya saurare shi, ya ce niyyarsa mai kyau ce amma hannunsa ba hukuma ba ne, ya gargaɗe shi cewa in ya sake, gidan yari.

A daminar 2003 Lukuman ya zama saurayi, yana acaɓa tsakanin Kabo da Gwarzo, shi ke ciyar da gidan. Ranar wata kasuwa, da hantsi, wata mota ta kwashe shi a kusa da mashigar Gude. Ya tashi sama ya sauka da ka a gefen kwalta. Abin da ya biyo baya na ji shi daga bakin shaidu a kotu, domin an kira ni in kai katunan.

Ja'afaru ne ya riga kowa isa, tunda shi ne baffan yaron. Ya durƙusa ya sa hannuwa a hammatarsa. Sai ga Mudassir da ƙyaure.

"Yaya Ja'afaru, kada ka ɗaga shi! Dubi ƙafarsa, tana motsi!"

"Ka gama da uban, yanzu ka zo kan ɗan? Matsa ka ba ni wuri, ɗana ba zai mutu a ƙasa kamar kare ba."

"Don Allah, Yaya."

Ja'afaru ya yunƙura zai ɗago. Mudassir ya yar da ƙyauren ya kai masa naushi da hannun dama, hannun da bai sake dukan kowa da shi ba tun ranar Jalo. A ƙasan kunne ya same shi. Shaidu sun ce sun ji ƙarar muƙamuƙin daga tsallaken titi. Haƙora suka zubo, Ja'afaru ya faɗi da baya, kansa ya bugu da kwalta, jini ya fito ta kunne.

Mutanen Gude suka yi kan Mudassir. Bai gudu ba, bai kuma rama ba. Ya durƙusa a kan Lukuman, ya matse kan yaron tsakanin hannuwansa biyu, ya ba su bayansa. Suka dake shi da sanduna da duwatsu. Wani ya zo da ƙarfen cire taya ya sauke masa a kafaɗa, ya sake kaiwa ya same shi a ido, idon ya fashe. Jininsa yana ɗiga a goshin Lukuman, yana ce masa, "Kada ka motsa, ɗana. Ko me ka ji, kada ka juya." Hajaratu ce ta iso a guje babu mayafi, ta faɗa a kan bayansa tana kururuwa cewa duk mai son ya ƙara sai ya fara da ita. Sannan aka tsaya. Ita da wasu direbobi biyu suka zura ƙyauren, yana gaya musu yadda za su yi, fuskarsa ba ta ganuwa don jini. Da aka ɗaure Lukuman, Mudassir ya juya ya ga ana shirin ɗago Ja'afaru.

"Shi ma kada a ɗaga shi," ya ce. "A ciro wani ƙyauren."

Aka ɓalle na wani shago. Ranar kati uku na yanka.

A Kano aka ga ƙashin wuyan Lukuman ya tsage, lakar ta bugu amma ba ta yanke ba. Likitan ya ce yadda aka kawo shi ya taimaka ƙwarai. Hajaratu ta yi ta ba shi zogale da zuma kamar yadda ta saba gani. Bayan watanni ya taka, da sanda, hannunsa na hagu bai dawo daidai ba. Mudassir ya tafi a kan cewa zogalen ne ya tare tsatsar. Ni ban sani ba, kuma ban ga wanda ya sani ba. Abin da na gani shi ne an kawo uban a zaune bai sake tafiya ba, an kawo ɗan a kwance ya tafi.

Ja'afaru ya farfaɗo, amma bugun ya taɓa ƙwaƙwalwa. Harshensa ya yi nauyi, hannun damansa ya shanye. 'Ya'yansa suka nemi ƙisasi. Alƙali ya ce irin wannan rauni ba a iya rama shi daidai, ya yanke diyya, aka sayar da gonar gadon Mudassir ta Madadi aka biya. Saboda gargaɗin baya kuma ya ƙara masa bulala da ɗaurin shekara biyu. Mudassir ya ɗaga hannu.

"Allah gafarta Malam, a ninka bulalar a cire ɗaurin. Akwai wanda nake juyawa."

Alƙali ya tambayi abin da yake nufi, aka yi masa bayani. Ya ce ya ji, amma ga mutum can an nakasa shi har abada, kuma an riga an yi gargaɗi. Aka yi bulalar a harabar kotu, a kan bayan da bai gama warkewa ba, tsofaffin raunukan suka buɗe. Bai yi ƙara ba. Da za a sa shi a mota ya kira ni.

"Malam Akawu, ka gaya wa Hajaratu, kada Jalo ya wuni a gefe ɗaya. Ƙugun hagun ne ke fara yin ja."

Na isar da saƙon. Amma Hajaratu ita kaɗai ce, tana tsakanin jinyar ɗa a Kano da ta miji a Gude. Maƙwabta suka taimaka iya ƙoƙarinsu, wata rana a juya shi, wata rana a manta. Ƙugun hagun ya yi ja, ya hude, gyambon ya ci har ƙashi, zazzaɓi ya shiga. Jalo ya rasu kafin damina ta zagayo. Ni na je gidan yari na faɗa wa Mudassir. Ya tambaye ni ta wane gefe ciwon ya fara, na faɗa masa. 

An sake shi a 2005. Ya koma Gude da ido ɗaya da kafaɗar da ba ta ɗaguwa, don haka ya bar fawa, ya koma sayar da ganyen zogale a kasuwa. Kowace safiya yakan ajiye kwanon kwaɗo a ƙofar gidan Ja'afaru. Da farko zubarwa ake yi a gabansa; daga baya aka riƙa shiga da shi, ban san ko ana ci ba. Bai sake dukan kowa ba. Ƙyauren ya ba direbobin tashar Kabo, wani lokaci suna amfani da shi, wani lokaci kafin a kawo an riga an ɗaga mutum. Ya rasu a 2011 bayan gajeriyar jinya, a ɗakin da Lukuman ya gina masa, aka binne shi a maƙabartar Gude. Bai taɓa aure ba, bai bar ɗa ba.